Yashin da Ke Ƙarƙashin Lilo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, dattawan unguwa iyayenmu, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da suka baro aiki suka zo, iyaye mata da ke zaune ta wancan gefe cikin inuwa, masu shaguna da masu sana'a da suka jawo ƙofa suka taho, matasa 'yan'uwana da ke tsaye a baya, har da yaran da nake hange suna leƙe ta kan katanga ko da yake an kore su sau biyu, ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da yamma.

Ina godiya ga shugaba da ya sa ni cikin masu magana, ina kuma godiya gare ku da kuka yi shiru don ku ji. Da yawanku ba ku taɓa jin muryata ta wuce ina kwana ba. Ni ne mai sharar wannan fili, wanda kuke kira Sannu-Sannu, shekara huɗu ke nan ina riƙe da tsintsiya da manjagara a nan. Takardar da ke hannuna kwana tara na yi ina rubuta ta, idan na yi tuntuɓe a kanta ku jira ni, zan tashi.

An tara mu ne don a yanke magana ɗaya: ko a kulle filin nan a zuba masa siminti ya zama wurin ajiye motoci, ko a bar wa yara. Dalilin da aka kawo shi ne tsutsar ciki ta yi yawa a jikin yaran unguwa, kuma an ce ƙasar filin nan na ɗauke da ƙwanta. Ban zo in ƙaryata wannan ba. Ni na ɗebi ƙasar da hannuna na kai aka gwada. Na zo ne in faɗi abin da idona ya gani, in faɗi laifina a ciki, sannan in roƙi abu ɗaya.

Wata safiyar Talata, mako bakwai da suka wuce, na shigo ta waccan ƙofa gari ya fara haske. Ranar Litinin da yamma, ana gobe ke nan, bayan yara sun watse, na bi yashin nan da manjagara tun daga gindin mangwaro har bakin ƙofa, na lailaye shi sumul kamar shimfiɗar gado, ina tafiya da baya don kada in bar sawuna. Ina so in san wa ke shiga filin nan idan ba na nan. Da na iso sai na tsaya a gefe, na durƙusa, na fara karantawa.

Na ga sawun kyanwa uku, ɗaya tana ɗingishi da ƙafar baya. Sun sauko ta katanga, sun wuce ƙasa mai tauri ba su tsaya ba, sun nufi yashi mai laushi da ke kusa da lilo, kowace ta tona, ta yi abin da ya kawo ta, ta rufe, ta bar ɗan tudu. Na ga sawun kare, shi bai damu da rufewa ba. Sannan na ga abin da ya sa na daɗe a durƙushe: sawun takalman manya, kala bakwai, sun shigo ta ƙofa, ba su je lilo ba, ba su je tsakiyar fili ba, sun miƙe zuwa bayan mangwaro sun juyo. A bayan mangwaron kuwa an juye fo ɗin yara, an juye, an juye. Na ɗaga kai na dubi ban-ɗakin jama'a da ke can kusurwa, sai kwaɗo ya dube ni, yana rataye a ƙofa kamar yadda yake rataye kullum daga faɗuwar rana har ƙarfe takwas na safe.

A cikin sawun nan bakwai akwai wanda na gane tun kallon farko. Zan faɗa muku na wane ne kafin in zauna, domin mai shi ya ba ni izini.

Ina nan durƙushe sai Tela, wanda shagonsa ke kallon filin, ya buɗe ƙofa ya hango ni. Ya ce, "Sannu-Sannu, shara ta gagare ka ka koma bugun ƙasa? Duba mini ko mai rigar nan zai zo ya ɗauki kayansa, sun cika mini shago." Na ce ya zo ya duba da kansa. Ya zo da awo rataye a wuya, ya duba, dariyarsa ta tsaya. Baba Maigadi, mai tsaron layin shaguna, shi ma ya taso daga bencinsa da sanda. Ya dubi bayan mangwaro, ya kau da kai, ya ce, "Yaro, rufe abin nan kafin yara su fito." Hannuna ya riga tunanina, ya kama shebur, ya ɗebo yashi. Sai na tsaya da shebur a sama. A nan, iyayena, na gane abin da na shekara huɗu ina yi.

Kafin in faɗi mene ne, bari in koma baya ku ji abin da ya kai ni ga lailaye yashi.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta riƙe ni tun ina ƙarami. Tana da yarinya 'yar shekara shida wadda duk mai wucewa ta nan ya sani, ita ce 'Yar Lilo, wadda ba a sauke ta daga lilo sai da kuka. Tun bara yarinyar nan ta fara canjawa. Tana ci, abincin bai zauna mata ba. Ciki ya fito, wuya ya yi siriri, tafin hannu ya yi fari, idan ta hau lilo sau biyu sai ta sauko ta zauna ta ce, "Kawu, ƙafata ta gaji." Yaya ta kai ta asibiti aka ce tsutsar ciki ce, aka ba ta magani, ta warware, ta koma lilo. Bayan wata uku abin ya dawo. Aka sake, ya sake dawowa. Yaya ta wanke tukwane har suka yi ƙyalli, ta tafasa ruwan sha, ta hana ta kayan talla, ta ce da ni, "Ƙanena, ni kam ban san abin da na rage ba."

A karo na uku ni na raka su. Malamar da ke ɗakin gwaji, ga ta can zaune da farar riga, ta tambayi inda yarinyar ke wasa. Na yi caraf na ce, "A wurin da ya fi ko'ina tsabta a garin nan, Malama, don ni ke share shi." Ta ce ƙwan tsutsar nan daga bayan gida yake fita, na mutum, na kyanwa, na kare, ya faɗa ƙasa, yaro ya taɓa ƙasar ya kai hannu baki, wata irin kuma ta tafin ƙafa take shiga idan ba takalmi. Na ce, "To ba a filina ba. Ki zo kowace safiya, ko ɗigo ba za ki gani ba." Sai ta ajiye alƙalami ta ce, "Ba zan gani ba, ko babu?" Ta ba ni 'yan ledoji biyar, ta ce in ɗebo mata ƙasa daga wuri biyar in rubuta sunan kowane wuri. Tambayarta ce ta bi ni har gida, ita ta sa na ɗauki manjagara da yammar Litinin.

Yanzu ga laifina, zan faɗe shi a gaban kowa don kada wani ya faɗa a bayana.

Dattijon da na gaji aikin nan a hannunsa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kunya da tsabta. Ranar da ya miƙa mini tsintsiya ya ce, "Abin da bai kamata idon mutane ya gani ba, ka rufe shi." Ya faɗa ne da kyakkyawar niyya, na riƙe da kyakkyawar niyya. Kowace safiya idan na tarar da ƙazanta, ba na kwashewa, sai in ɗebo yashi in binne a nan inda take. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, don kada ƙura ta shiga idon yara, ina ɗebo ruwa bokiti huɗu in yayyafa a ƙarƙashin mangwaro, wurin ya kwanta ya yi sanyi. Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai, kun san ƙafar yara na tona rami a ƙarƙashin lilo. Don kada su faɗi su ji ciwo, kullum sai in jawo yashi da manjagara daga gindin mangwaro in cike ramin, in lallaɓa shi da hannu ya yi laushi. Da hannuna na binne, da hannuna na ba shi ruwa, da hannuna na jawo shi na kai ƙarƙashin ƙafar 'yar yayata. Kuma kullum kuna wucewa kuna ce mini sannu da aiki, ina amsawa ina jin daɗi.

A safiyar nan na ajiye shebur, na ɗebi ƙasa biyar kamar yadda aka ce: ƙarƙashin lilo, bayan mangwaro, bakin ƙofa, gindin mataccen famfo, da tsakiyar fili inda manyan yara ke buga ƙwallo. Ina da wata leda a aljihu, sai na ƙara ta shida da ba a sa ni ba. Na zagaya lungun da ke bayan katanga, inda kwata ke bi, na ɗebo daga can.

Bayan kwana uku Malama ta kira ni, ta sa na kanga ido a madubin gwajinta. Na ga wasu abubuwa zagayayyu masu kaushin baya, kwance shiru, ba motsi. Na ce, "Malama, matattu ne?" Ta ce, "Jira suke yi." Na ce, "Me suke jira?" Ta ce, "Hannun yaro." Sannan ta ce, "An ce kai ne Sannu-Sannu? To waɗannan sun fi ka haƙuri. Idan sun sami inuwa da laima suna iya shekara suna jira, har su wuce. Abin da ba sa so shi ne rana da bushewa."

Ku ji yadda ledojin suka fito. Ƙarƙashin lilo, wurin da na fi kula da shi, wurin da nake lallaɓawa kamar jariri, shi ya fi yawan ƙwai a cikin filin. Bayan mangwaro na bi masa. Bakin ƙofa da gindin famfo akwai kaɗan-kaɗan. Tsakiyar fili kuwa, inda rana ke duka tun safe har yamma, inda ban taɓa zuba ko kofin ruwa ba, inda nake jin kunyar kallo don na ɗauka na yi sakaci da shi, Malama ta nema ta nema ba ta samu ba. Inda na yi wa hidima ya cutar, inda na bar wa rana ya tsira. Leda ta shida, ta lungu, ita ce Malama ta ɗaga ta ce, "Wannan daga ina?" Ta fi ta lilo muni.

Ban yi gaggawar zuwa gaban kowa ba, don ban saba zuwa da magana hannu wofi ba. Na ce bari in gwada tukuna. Na ɗaure lilo da igiya na mako biyu, na sha zagi wurin yara, wani ma ya ce zai haɗa ni da babansa. Na haƙe yashin ƙarƙashinsa zurfin taki guda, na kwashe a baro na fitar da shi inda ake zubar da shara. Mai buga bulo na bakin titi ya ba ni sabon yashi baro shida. Tela ya haɗa tsofaffin buhuna ya ɗinka mini babban murfi, yana ɗinki yana cewa shekara ashirin yana yi wa mutane riga, yau ga shi yana yi wa ƙasa. Kowace yamma in rufe yashin in danne da duwatsu, kowace safiya in buɗe in juya shi da manjagara rana ta gasa shi. Na daina yayyafa ruwa. Na daina binnewa. Abin da na tarar, in kwashe da shebur in kai masai idan an buɗe, in wanke shebur, in wanke hannu. Kyanwa mai ɗingishi ta zo kwana uku tana zagaya murfin, ta ga ba hanya, ta sauya unguwa.

Makon jiya na sake kai leda daga ƙarƙashin lilo. A karon farko Malama ta ƙirga har ta gaji, a wannan karon sai da ta yi ta nema kafin ta ga ɗaya. Na yi murna har na manta hulata a ofishinta. Amma ta ja mini kunne ta ce, "Kada ka je ka ce musu an gama. Ka ce musu an fara." To ga shi na faɗa yadda ta ce: ba a gama ba, an fara. Bayan mangwaro yana nan yadda yake, domin wannan ba aikin manjagara ba ne, aikin unguwa ne.

Mai girma shugaba, waɗanda suka kawo shawarar a kulle filin nan ba maƙiyan yara ba ne. A cikinsu akwai uban da ya kwana uku a asibiti da ɗansa, na gan shi da idona yana yi masa fifita da murfin kwali. Wanda ya ga ɗansa a haka, idan ya ce a zuba siminti, tsoro ne ya yi magana, kuma tsoron yana da dalili. Ina girmama shi. Sai dai ina roƙon a saurari abubuwa huɗu daga bakin mai shara.

Na farko, kulle fili ba ya kulle wasa. Yaro zai yi wasa ko da fili ko babu. Idan kuka rataya kwaɗo a ƙofar nan, yaran da ke leƙe ta katanga yanzu ba ɗaki za su koma su naɗe hannu ba, lungu za su koma, wurin leda ta shida, inda rana ba ta shiga, inda ba mai shara, inda ba idon babba. A nan muna ganinsu, a can ba ma ganinsu. A nan akwai ƙasar da za a iya gyarawa, a can akwai kwata. Kada mu ɗauke su daga wurin da muka san ciwonsa mu kai su wurin da ya fi shi.

Na biyu, kwaɗon da ya kamata a yi magana a kansa yau ba na ƙofar fili ba ne, na ƙofar ban-ɗaki ne. An fara kulle shi ne shekarun baya don wani ya kwance kan famfo ya tafi da shi. An tsare kan famfo, an saki lafiyar yara. Gidajen hayar da ke bayan nan, gida ɗaya ɗaki goma sha biyu masai ɗaya, wani ya cika, wani ya rufta. Uwa ta tashi da asuba da fo a hannu, a gida layi, a waje kwaɗo, ga miji zai fita, ga yara za su makaranta, ina za ta kai? Ban ce ta yi daidai ba, na ce ku gaya mini ina za ta kai. A ba Baba Maigadi makulli, ya amince zai riƙe daga yamma zuwa asuba, ni kuma in karɓa daga asuba. Idan kan famfo ya ɓata a hannunmu, ku tuhume mu.

Na uku, a taya ni da hannu. Abin da na yi a ƙarƙashin lilo shi za a yi a bayan mangwaro da bakin ƙofa, amma baro ɗaya da mutum ɗaya ba za su iya ba. Idan matasa goma suka ba ni safiya biyu, za mu kwashe tsohon yashi mu zuba sabo. A sare reshen nan biyu da suka yi ƙasa don rana ta riƙa sauka a gindin bishiya. Ban ce a sare mangwaro ba, na ga wasu dattawa sun ɗago kai, inuwarku tana nan, reshe biyu kawai nake nema.

Na huɗu, a tayar da mataccen famfon nan, a rataya sabulu a jikinsa da igiya. Duk yaron da zai fita ya wanke hannu, duk yaron da zai shiga ya shigo da takalmi, ni zan tsaya a ƙofa in ga an yi, na saba da zaginsu. Kuma a nemi asibiti su sa mana rana ɗaya a ba yaran unguwa magani gaba ɗaya, domin idan aka ba wannan yau aka ba wancan bayan wata biyu, suna ta miƙa wa juna ne ta cikin ƙasa. Masu kyanwa da masu karnuka su ma su kai nasu wurin likitan dabbobi. Wanda yake ciyar da mai ɗingishin nan, ban san ko wane ne ba, amma tana da ƙiba, ya taimaka ya kai ta.

Abin da nake roƙo bai wuce wata huɗu ba. Kada ku kulle yau. Ku ba mu wata huɗu, kowane wata in kai leda shida, Malama ta rubuta abin da ta gani, a manna a jikin katanga kowa ya karanta, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Idan wata huɗu suka cika ƙasar nan ba ta gyaru ba, ku ba ni kwaɗon, ni zan rataya shi da hannuna, in miƙa tsintsiya, ba zan yi jayayya da kowa ba. Idan kuma ta gyaru, to mun sami abin da siminti ba zai ba mu ba: mun san hanya, kuma za mu iya bin ta zuwa filin makaranta, zuwa bakin kasuwa, zuwa lungun da ke bayan katanga.

Ina da fata, kuma ba fatan banza ba ne. Abin nan ba aljani ba ne, ba iska ce ta kawo shi ba. Yana da ƙofar da yake shiga, kuma mun ga ƙofar. Yana da abin da yake so, kuma mun daina ba shi. Yana da abin da yake tsoro, kuma Allah yana fito mana da shi kowace safiya daga gabas, bai taɓa fashi ba. 'Yar Lilo ta sha magani karo na uku. Yau mako shida, kumatu sun fara dawowa, jiya sai da aka sauke ta da kuka, ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar na jiya ba. Da safen nan ta riƙe mini riga ta ce, "Kawu, wai za a kulle lilona?" Na ce ban sani ba, manya za su zauna. Ta ce, "To ka gaya musu ina sa takalmi yanzu." Ga saƙonta na isar. Tana can kusa da uwarta, duk mai shakka ya dubi ƙafarta.

Saura alkawarin da na yi muku. Abin da na faɗa game da safiyar Talatar nan ba ni kaɗai na gani ba. Tela ya gani, ga shi can da awonsa. Baba Maigadi ya gani, shi ya ce in rufe, kuma shi ya fara cewa a ba shi makulli. Malama ta ga ƙasar a madubinta. Shaida ta huɗu ita ce mai sawun da na gane. Silifa ce da igiyarta ta taɓa tsinkewa aka soke ta da ƙusa ta ƙasa, kan ƙusar yana barin ɗan rami a kowane taku. Ni na soka ƙusar. Silifar yayata ce, uwar 'Yar Lilo, matar da ta wanke tukwane har suka yi ƙyalli. Tana da jariri a goye, masan gidansu ya cika tun bara.

Kwana biyu na yi ban iya gaya mata ba. Rana ta uku na faɗa mata. Tun daga ranar take tafiya har gidan wata ƙawarta a ƙarshen layi da fo a lulluɓe. Da ta ji zan yi magana a taron nan, na ce zan ɓoye sunanta. Ta ce, "Kai ka faɗi naka ka ɓoye nawa? Ai rufewar ce ta kawo mu nan. Faɗa musu ni ce, sauran shidan su ji sanyi." Ga ta can ta miƙe tsaye. Yaya, zauna, sun gan ki. Sauran shida ban san su ba, ba na kuma neman sani, yashin na share shi tun ranar. Abin da nake nema musu shi ne su tarar da ƙofa a buɗe gobe da asuba.

Allah ya ba yaranmu lafiya, ya ba iyayensu kwanciyar rai. Allah ya jiƙan wanda ya koya mini aiki, ya yafe mini abin da na binne cikin rashin sani. Allah ya yi wa shugaba da dattawa jagora a kan abin da za su yanke, ya saka wa duk wanda ya zo da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.